Kafin a yanke wa monita hukunci, a duba abin da ke tsakaninta da direba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu tattauna wata matsala da ta zama ruwan dare a shagunan buga takardu, da ɗakunan kwamfuta na makarantu, da cibiyoyin rubuta jarrabawa a nan Gusau, da Ƙauran Namoda, da Talatar Mafara. Za ka tarar da monita mai faɗi, lafiyarta ƙalau, amma hoton da ke cikinta ya baje: da'ira ta koma siffar ƙwai, fuskar mutum a hoton fasfo ta yi faɗi, rubutu ya yi dishi-dishi har lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta ɓace, mai karatu ya kasa bambance ƙasa da kasa. In ka shiga wurin sauya girman hoto, ba za ka ga komai ba sai 1024x768 da 800x600. Maganin da aka saba yi biyu ne, ko a goge kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba mata Windows, ko a ce monitar ta mutu a sayo wata. Galibi duka biyun asara ce, ta lokaci da ta kuɗi.

Tushen abin shi ne allon LCD, wato siririn allon monitar zamani, yana da adadin ɗigo guda ɗaya tak da aka ƙera shi da shi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Mai 1366x768 yana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye. In kwamfuta ta turo masa hoto mai 1024x768, dole ya shimfiɗa kowane ɗigo uku a kan gurbin huɗu, tsayin kuma yana nan yadda yake. Shi ya sa komai ke ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku, gefen haruffa kuma ya narke. Tsohuwar monita mai ƙeya ba ta da wannan larura, domin harsashen haske take sharewa da shi, tana iya karɓar girma iri-iri. Wanda ya saba da waccan ne ke zaton kowace lamba ya zaɓa daidai ne.

To ta yaya kwamfuta ke sanin lambar da monita ke so? Tambayarta take yi. A cikin kowace monita akwai wani ɗan guntun ma'aji mai ɗauke da bayanin da ake kira EDID, tsarin da VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin allon kwamfuta, ta fitar tun 1994. Asalin bayanin bayit 128 ne kacal, bayit kuwa ɗan ƙaramin ma'aunin bayani ne a kwamfuta. A ciki akwai sunan kamfani, da shekarar ƙira, da faɗin allo da tsayinsa, da jerin girman hoton da take karɓa, da wanda ta fi so. Bayit na ƙarshe na tantancewa ne: in aka tara duka 128 ɗin aka raba da 256, dole ya rabu ba saura. Da bayit guda zai gurɓata, direba, wato manhajar da ke sarrafa injin hoton kwamfuta, zai yi watsi da bayanin baki ɗaya. Kuma direban da bai ji amsa daga monita ba, sai ya koma kan lambobin da ya tabbata kusan kowace monita za ta iya ɗauka. Daga nan 1024x768 ke fitowa. Kariya ce aka yi da gangan, don kada a tura wa allo abin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka wurin farko da za a duba shi ne kebul, kuma a nan muke ganin mafi yawan matsalar take. Kan kebul ɗin VGA, wato mai shuɗin kai ɗin nan da IBM ya fito da shi a 1987, yana da fil 15 a jere uku. Na 1 da na 2 da na 3 su ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. Na 13 da na 14 su ke ba da alamar fara layi da fara sabon hoto. Na 12 da na 15 kuwa su ne hanyar da bayanin EDID ke bi. Ka ga ke nan hoto zai iya fitowa tar alhali 12 da 15 sun mutu, kuma wannan ne ke ruɗar masu gyara: suna ganin hoto sai su wanke kebul daga zargi. Akwai kebul masu araha da tun daga masana'anta ba a haɗa waɗannan wayoyi biyu a cikinsu ba, ko da fil ɗin yana nan a kai. Akwai kuma fil da ya lanƙwashe saboda an tura kan da ƙarfi, da ramin da ƙurar hunturu ta toshe. Gwajin ba shi da wuya. A saita mitar gwajin lantarki a kan ƙarar nan da take yi in waya ta haɗu, a taɓa fil na 12 a wannan kai da na 12 a wancan, a maimaita da na 15. In mita ta yi shiru, kebul ɗin ne, a sauya shi. A kebul ɗin HDMI kuwa aikin yana kan fil na 15 da na 16, na 19 kuma shi ke sanar da kwamfuta cewa an jona wani abu.

Abin da ake sakawa a tsakani ma yana yin ɓarna. Ɗan akwatin da ke raba hoto zuwa monita da majigi, da ɗan kan da ke mayar da HDMI zuwa VGA, da yawansu ba sa isar da bayanin monita. Wasu su yi shiru, wasu su miƙa wa kwamfuta wani bayani nasu na daban wanda babu ruwansa da allon da ke gabanka. A cire su a jona kai tsaye, in lambar da ake nema ta bayyana, an gano mai laifi. A Windows akwai alama mai sauƙi: a buɗe Device Manager a duba ƙarƙashin Monitors. In an ga Generic PnP Monitor ko sunan monitar, an karanta bayaninta. In an ga Generic Non-PnP Monitor, ba a karanta ba.

Bayan kebul sai direban kansa. Kwamfutocin tokumbo da ake kawowa daga Legas da Kano yawanci an yi musu sabon zubi cikin gaggawa, ba a sa direban hoto ba. A nan Device Manager, ƙarƙashin Display adapters, za a ga Microsoft Basic Display Adapter, ko Standard VGA Graphics Adapter in Windows 7 ce. Wannan direban wucin gadi ne. Bai san yadda ake sarrafa injin hoton da ke cikin kwamfutar ba, abin da manhajar allon uwa, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, ta shirya masa lokacin tashi kawai yake amfani da shi. Ba sai an yi ta zuba tarin direbobi daga filas ana canki-canka ba. A shiga bayanan na'urar a duba Hardware Ids. In an ga VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na Nvidia, VEN_1002 na AMD. Lambar da ke bin DEV ita ke nuna ainihin samfurin. Da waɗannan biyun za a nemo direban da ya dace daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko injin hoton, a kuma kula ko Windows ɗin mai 32 ce ko mai 64.

Yanzu a ce kebul lafiya, direba lafiya, amma ma'ajin monitar ya lalace, ko na'urar da ke tsakani ba ta ciruwa, kamar majigin da aka riga aka kafe a silin. A nan ne ake ƙara wa direba girman hoton da hannu, kuma a nan ne muke son a natsu, domin ba rubuta 1440x900 kawai ake yi ba.

Abin da direba ke buƙata cikakken jadawalin lokaci ne. Hoto ɗigo-ɗigo ake tura shi, layi bayan layi. A ƙarshen kowane layi akwai ɗan hutu, a ƙarshen kowane hoto akwai wani hutun. Gadon monita mai ƙeya ne, wadda harsashenta ke buƙatar lokaci ya komo farkon layi, amma har yau tsarin na nan. Ɗauki 1440x900, girman da aka fi samu a monita mai faɗi 'yar inci 19. Ɗigon da ido ke gani a layi 1440 ne, amma da hutun layin ya kai 1904. Layukan da ake gani 900 ne, da hutu 934. A ninka 1904 da 934, a sake ninkawa da 60, wato sau 60 da ake sabunta hoto a daƙiƙa, za a samu kimanin miliyan 106 da dubu 700. Wannan shi ne yawan ɗigon da dole injin hoto ya fitar a kowace daƙiƙa, shi ake kira agogon ɗigo.

Ba sai mutum ya ƙirƙiro lambobin da ka ba. VESA tana da ƙa'idar lissafi mai suna CVT, kuma a Linux, manhajar da wasu ke zubawa a madadin Windows, akwai ɗan umarni mai wannan suna. In aka rubuta

cvt 1440 900 60

zai ba da layi mai ɗauke da 106.50 1440 1528 1672 1904 900 903 909 934 -hsync +vsync. Ta farko agogo ce a megahaz, wato miliyan nawa a daƙiƙa, kusa da abin da muka lissafa a sama. Huɗun da ke biye na kwance ne: inda hoto ya ƙare, inda alamar layi ta fara, inda ta ƙare, da jimilla. Huɗun ƙarshe haka suke amma na tsaye. Kafin a tura wa monita, a raba agogon da jimillar kwance: 106.5 megahaz a raba da 1904 ya ba da kilohaz 55.9. A gwada wannan da iyakar da ke rubuce a takardar monitar, misali 30 zuwa 83. In ya faɗa ciki, a ci gaba. In ya haura, allo zai yi baƙi ya rubuta Out of Range, kuma tsohuwar mai ƙeya tana iya lalacewa ma.

Sai umarni uku a jere. Na farko xrandr --newmode, a ba shi suna a liƙa masa waɗancan lambobi. Na biyu xrandr --addmode VGA-1 da sunan, wanda ke ɗaura sabon girman a kan ƙofar da monita take, wato ramin da aka jona kebul ɗinta. Na uku xrandr --output VGA-1 --mode da sunan, shi ke kunna shi. Sunan ƙofar yana bambanta, wata kwamfutar VGA-1 ce, wata VGA1 ko VGA-0, don haka a fara rubuta xrandr shi kaɗai a ga abin da ya kira ta. Da hoto ya fito a danna maɓallin Auto a jikin monita, domin a VGA sai ta daidaita bugunta da na kwamfuta. In ba a yi ba, za a ga wasu ratsi-ratsi a tsaye ko rubutu yana rawa.

Akwai wani tarko da ya kamata kowane mai gyara ya sani, domin allon 1366x768 ya fi kowane yawa a hannun mutanenmu. Lissafin CVT yana tafiya ne takwas-takwas, 1366 kuwa ba ta rabuwa da 8. In ka nemi 1366 sai ya ba ka 1368, da agogo 85.25. Wata monitar za ta karɓa ta yanke ɗigo biyu a gefe, wata ta matse hoton rubutu ya sake yin dishi-dishi, wata ta ƙi sam. Abin yi shi ne a yi amfani da jadawalin da VESA ta tsayar wa wannan girma: 85.50 1366 1436 1579 1792 768 771 774 798, hsync da vsync duka da +.

Haka kuma kowace ƙofa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Ƙofar DVI mai hanya ɗaya ba ta wuce megahaz 165. In aka lissafa 1920x1080 da CVT na yau da kullum, agogon 173 ne, ya haura. A ƙara -r a umarnin, wato a rage hutun, sai ya sauko 138.5, hoto kuma bai ragu da ɗigo ko ɗaya ba. Talabijin kuwa ta fi sanin nata jadawalin, 148.5 da jimillar 2200 da 1125. Wanda ya sayi allon 4K ya jona shi da HDMI 1.4, iyakarsa 340 ce, alhali sabuntawa sau 60 tana neman 594. Babu direban da zai haye wannan katanga. Sau 30 zai samu, a 297, sai dai a sauya ƙofa.

Abin da xrandr ya yi yana gushewa da an kashe kwamfuta, kuma a gari irin namu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Domin ya ɗore, a rubuta layin lambobin nan a wani fayil a cikin /etc/X11/xorg.conf.d, a sashen Monitor, tare da PreferredMode. Sai dai sababbin Ubuntu da Fedora, waɗanda ire-iren Linux ne, sun koma wani tsarin nuna hoto mai suna Wayland, inda xrandr ba ya iya ƙara komai. A nan sai a faɗa wa ƙwayar Linux ɗin kanta, wato zuciyar manhajar: a buɗe /etc/default/grub, a ƙara video=VGA-1:1440x900M@60 a layin umarnin tashi, a yi update-grub in Ubuntu ce, a sake kunnawa. A duba layin da kyau ko wani ya taɓa sa nomodeset, domin wannan kalma tana hana direban hoto aiki gaba ɗaya, kuma masu zubi sukan sa ta su manta.

Hanyar da muka fi yarda da ita, musamman ga cibiyoyin da ke da monita iri ɗaya da yawa, ita ce aro. A je wurin mai lafiya a kwafi fayil ɗin /sys/class/drm/card0-VGA-1/edid. In girman kwafin bayit 128 ne ko 256 an samu, in sifili ne ba a karanta komai ba. A tantance shi da edid-decode, a ajiye shi a /lib/firmware/edid a kwamfutar mai matsala, a ƙara drm.edid_firmware=VGA-1:edid/ da sunan fayil ɗin a layin tashi. Daga nan direba zai daina tambayar monita, ya riƙa karanta wannan. Lambobin na masana'anta ne, ba na ƙiyasi ba. Sharaɗin kawai samfurin ya zama ɗaya sak, ba kamfani ɗaya kaɗai ba. A Windows ma akwai makamancin haka, ta wurin ƙirƙirar girma a manhajar Nvidia ko AMD, ko ɗan shirin nan CRU da ke maye gurbin bayanin monita a rajista, inda Windows ke ajiye saituna. Windows tana ba da daƙiƙa 15 bayan sauyi, in allo ya yi baƙi kada a taɓa komai, za ta komo da kanta. In an riga an tabbatar da saitin da ba ya nunawa, a shiga Safe Mode a warware.

Muna kuma da magana ga ɗalibanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Lambar direbobin hoto na Linux a buɗe take, kowa na iya karantawa, kuma tun 2009 aikin saita allo ya koma cikin ƙwayar. Wanda zai ƙara wa direba sabon girma, jadawali shi ne mafi sauƙin aikinsa. Bayan shi akwai aikin tacewa, inda direba ke auna kowane girma da ƙarfin ƙofa da na ma'aji ya ƙi wanda ba zai yiwu ba. Sau da yawa girman da ya ɓace a nan aka yar da shi, saboda wata iyaka da aka rubuta tun zamanin da ba a san allo mai faɗi ba. Sai samar da agogon. Injin hoto yana da bugu guda tsayayye, daga shi yake ninkawa ya raba har ya kai abin da ake so. Da bugun megahaz 27, a ninka da 11 a raba da 2 an samu 148.5. Don 106.5 kuwa sai an ninka da 71 a raba da 18, kuma ba kowane inji ne ke yarda da irin waɗannan lambobi ba, don haka direba ke laluben mafi kusa. In tazarar ta yi yawa monita ba za ta kama ba.

Sai tsawon layi a ma'ajin da kwamfuta ke riƙe hoto, wanda shi ne kuskuren da sabon hannu ya fi yi. Kowane ɗigo bayit 4 ne, don haka layin 1366 ya zama bayit 5464. Amma injuna da yawa suna son kowane layi ya fara a kan ninkin 64, sai a cike shi zuwa 5504. In direba ya yi lissafi da 5464 inji kuma yana karatu da 5504, kowane layi zai goce da ɗigo goma daga na samansa, hoton duka ya karkace kamar an ja zane ta kusurwa. Duk wanda ya ga wannan karkacewa, ba monita ba ce, ba kebul ba ne, wannan lamba ce. A kuma lissafa ma'ajin: hoto ɗaya mai 1920x1080 yana cin bayit 8,294,400, biyu ake riƙewa galibi, ɗaya ana nunawa ɗaya ana zanawa. Tsohuwar kwamfutar da aka ware wa hoto megabayit 8 a saitin allon uwa da ƙyar za ta riƙe hoto ɗaya ke nan, a ƙara mata.

Wani abu da muke yawan gani a ofisoshi: dattijo ya ce rubutu ya yi masa ƙanana, sai a rage masa girman hoto. Rubutun zai ƙara girma, amma ya dushe, idon ya ƙara wahala. A bar allo a kan lambarsa ta asali, a ɗaga ma'aunin rubutu zuwa kashi 125 ko 150.

Roƙonmu ga masu sayo wa makarantu da cibiyoyi kaya shi ne su sa kebul cikin abin da ake gwadawa kafin a biya kuɗi, kuma su rubuta lambar asali ta kowace monita a ɗan tef su manna a bayanta. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan, yaron da ya taso daga Anka ko Shinkafi ya zauna awa biyu gaban allo mai dishi-dishi yana karanta lissafi da ƙananan alamomi, an rage masa wani abu daga haƙƙinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin jarrabawa a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, a buɗe hoton da'ira a kowace, a aza ruler a auna faɗinta da tsayinta. Duk wadda ma'aunin biyu bai zo ɗaya ba, a fara da fil na 12 da na 15.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta da masu koyar da ita,
Gusau, Jihar Zamfara.